Ranar Da Bili Ya Ƙi Shiga Hawasha

Jikata Samira ce ta jawo wannan magana, kuma har yanzu ban gama hucewa ba. Aikinta rubuta wasannin nan da ake bugawa a waya, ita da abokan aikinta. Ran nan suna zaune a tsakar gida da kwamfuta, sai na ji sun bushe da dariya. Na leƙa. Wani ɗan mutum ne da suka ƙera a cikin wasan, an ce ya hau tsani, shi kuwa ya nutse cikin ƙasa har wuya yana ta tafiya a haka. Na ce musu na san wannan ciwo, na sha fama da irinsa. Sai ta dube ni ta ce, "Haba tsoho, kai da katako ka sassaƙa? Naka ai kafinta na, namu lissahi na."

Kafinta. To ku zauna ku ji, ku da kuke ganin wasa bai zama wasa ba sai an jona masa wuta.

Ni ɗan wani ƙauyen Hausawa ne kusa da Kamlin. Ubana mai hawasha ne, wato gonar da ake yanka wa manomi a ƙasar ban-ruwa ya noma auduga da dawa. Da ya ga ba ni da hannun noma sai ya kai ni warsha, wato shagon kafinta, ta Usta Babikir a cikin Kamlin, wajen farkon shekarun sittin, don in koyi yin gado da ƙofa. Gadon na koya, amma abin da ya sace mini hankali daban ne. Idan Maulidi ya gabato, Usta yakan ture gadaje gefe ya shiga ƙera lilo da teburan wasa na filin biki. Kayan aikinmu zarto da gizago da magagari da filaya. Kayan haɗi kuwa duk abin da mutane suka yar ne: akwatin ganyen shayi, gwangwanin kifi, wayar ƙafar keke, robar cikin taya, sai bili, wato ƙwayar ƙarfen nan da ke cikin boris ɗin mota. Bili ɗaya mai kyau sai ka yi wa direban lori fadanci kafin ka same shi.

Aikin farko da Usta ya bar mini tseren jakuna ne. Dogon allo, jakunan katako a jere, kowane da zarensa, kowane ɗan wasa yana murɗa mariƙinsa don jakinsa ya riga isa. Na gwada shi a warsha har na gaji, yana gudu sumul. Amma da guntayen katako na gwada, waɗanda ba su da kai ba su da wutsiya, don jakunan suna can suna shan fenti. Ranar biki na manna su, jama'a suka cika, aka ce a fara. Jakunan nan, kowa ya zuba wa gaba ido, suka kama tafiya da baya a natse, har suka zube ta ƙarshen tebur ɗaya bayan ɗaya. Na naɗe zaren a baibai. Filin Maulidi ya ɗauki dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Usta ya nufo teburin. Ya tsince jakunan, ya matsar da tutar cin nasara zuwa baya, ya gaya wa mutane cewa waɗannan jakunan Kamlin ne na asali, in ka ja su gaba baya suke yi. Sai da muka koma warsha ya murɗe mini kunne, ya ce wanda ya gwada rabin abu bai gwada komai ba.

Na biyu ƙwallon tebur ne. Na sassaƙa 'yan wasa a jikin sandunan ƙarfe, ban yi musu fuska ba don kada a ce na yi gumaka, amma na zana musu gajeren wando kamar yadda 'yan ƙwallo ke sawa. Limamin unguwar ya zo ya duba, ya ce fuska dai na kyauta, amma gwiwoyi a waje ba zai yiwu ba a filin Maulidi. Na je na samo ƙyalle fari, na ɗinka wa kowane jallabiya har ƙasa, tsaf da su kamar za su masallaci. Aka jefa ƙwallo, ta shige ƙarƙashin rigar na farko, ta yi zamanta. Duk wanda aka buga wa sai ya ɓoye ta. Aka wuni ba a ci ko ɗaya ba, sai ɗaga rigunan katako ake ana neman ƙwallo, liman yana tsaye yana cewa wannan ɗagawar ta fi gajeren wandon muni. Kuna dariya ko? Ni na biya kuɗin ƙyallen.

Da na yi 'yanci na koma ƙauyenmu, na yi aure, sai na ce zan ƙera abin da babu wanda ya taɓa yi, abin da mutanenmu za su gane tun daga nesa. A wurinmu ba abin da ake magana a kai kamar ruwa. Ruwa yana zuwa ta tur'a, wato babbar hanyar ruwan da aka haƙa, daga nan a buɗe ƙofa ya shiga gonaki. Na saman tur'a suna sha su ƙoshi, na wutsiya su jira abin da ya rage. Shi na mayar wasa.

Tebur ne mai gangara, da tur'a sassaƙe a tsakiyarsa. Bili shi ne ruwa, yana fitowa daga sama ya gangaro. Mutum biyu ke wasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowa da hawasharsa ta gwangwani da mariƙin da ke buɗe masa ƙofa. In ka buɗe daidai lokacin da bili ya iso, ya shiga gonarka. In ka yi gaggawa, harshen ƙofar ya make shi ya tura wa abokin wasanka. In duk kun rasa shi, sai ya faɗa wani ɗan kofi a ƙasa, wata ƙafa mai kofuna irin ta sagiya, na'urar ɗiban ruwan nan ta bakin kogi, ta ɗauke shi ta mayar sama, ni ina gefe ina juya ta. Wanda ya riga cika hawasharsa shi ya ci.

Da baki abin ba wuya. Na farkon da na yi, ƙofar dama ta ɗan fi ta hagu kusa da sama, da kamar faɗin yatsu biyu. Ban ɗauke shi komai ba. Ranar kasuwa na kafa shi, kafin azahar kowa ya gane na dama ne ke ci kullum. Mutanen wutsiya suka taso mini kamar na zagi iyayensu. Wani dattijo ya nuna ni da sanda ya ce a gona su ne wutsiya, yanzu kuma na zo na tabbatar musu a tebur, har su biya tarifa, wato ɗan kuɗin shiga wasa, a kai. Damina guda na yi ina warware wannan. Na mayar da ƙofofin uku-uku, na sarƙe su da waya ta ƙarƙashi, yadda in ka buɗe ta farko taka, ta biyun abokinka ta saki, in ya rufe tasa, ta ukunka ta motsa. A ƙasa nake zana shi da tsinke: in wannan ta buɗe me zai faru, in waccan ta rufe ina bili zai bi. Ka gyara nan, can ya lalace. Ka gyara can, abin da ya daɗe yana aiki ya tsaya ba dalili. Idan wannan ba lissafi ba ne, Samira ta gaya mini sunansa.

Bayan haka sai rana ta shigo da nata. Da safe tebur lafiya lau, da zarar rana ta take sai robar ta yi laushi, ƙofofi su riƙa rufewa a makare kamar masu jin barci. Ni kuwa da safe nake gwaji, a inuwa. Na daɗe ina zargin 'yan wasa da ƙarya kafin na gane su ne masu gaskiya, na canza robar da zaren ƙarfe na tsohon agogo.

Su kuma 'yan wasa, Allah ya shirye su. Na yawata da teburin nan kasuwa-kasuwa a amalanken jaki, na taɓa ɗora shi a lori har Abu Hujar da Rusairis, kuma ko'ina halin ɗaya ne. Kai ka zauna ka yi tunanin hanya goma da za a bi, shi ɗan wasa sai ya zo da ta goma sha ɗaya. Wani ya sunkuya yana hura wa bili iska, na sa gilashi a sama. Wani ya riƙa ɗaga ƙafar tebur da gwiwa a ƙarƙashin jallabiya, na riƙa binne ƙafafun a ƙasa. Wani yaron mota ya zo da maganaɗisu a hannun riga, bili yana bin sa har ya hau gangara ya koma sama, shi kuma yana rantsuwa cewa addu'ar uwarsa ce. Duk wannan na toshe. Har na kai ina bugun ƙirji cewa babu sauran ɓaraka a teburina.

Sai mummunar shekara ta zo, a cikin shekarun saba'in. Ruwa ya yi ƙaranci a tur'armu, tsutsa ta shiga auduga, kowa ransa a wuya. Ni tarifar wasa kawai nake karɓa, ba na ba da kyautar komai, amma mutanen da ba su da abin yi suka fara sa kuɗi a bayan idona a kan wa zai ci. Ran nan biyu suka kaure da faɗa, aka fasa wa ɗaya baki. Magana ta je gaban shehin garinmu cewa ni Isa na kawo caca. Aka ɗauke teburin, aka ce a ajiye shi a zauren wani dattijo mai amana har Juma'a, ranar da za a yanke hukunci. Dattijon nan surukina ne, uban matata Hajara. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko yanzu, Baba nake ce masa. Hawasharsa ce ta ƙarshe a wutsiyar tur'a, kuma yana cikin masu cewa teburin yana ɗauke hankalin samari daga aiki.

Wanda ya fi kowa hura wutar shi ne Tanko, gafir ɗinmu, mai tsaron ƙofofin ruwa na gaske. Haushinsa ɗaya ne: mutane sun riƙa cewa teburin Isa ya fi shi iya raba ruwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka fito da teburin gindin bishiyar ƙofar shehi, gari ya taru. Na yi bayani cewa wasan nan na hannu ne da ido, ba na sa'a ba. Shehi ya ce to a gwada. Ni da na ƙera in buga da wanda bai taɓa bugawa ba. In na ci, hannu ne, in ɗauki abina. In baƙon ya ci, sa'a ce, sa'a kuwa caca ce, a faskara teburin a dafa shayi da shi. Na ce na yarda, don ko ido rufe ba mai ci na. Sai Tanko ya gyara murya ya ce ai samari duk sun taɓa bugawa, mutum ɗaya ne kowa zai shaida bai taɓa ba, kuma ba ya ƙarya. Ya nuna Baba.

Har yau in na tuna sai jinina ya tafasa. Ya san abin da ya yi, kowa a wurin ya sani. Ni da ba na haɗa ido da Baba, ba na cin abinci inda yake, in na hango shi a hanya sai in cire takalmi in tsuguna tun daga nesa, ni ne zan kayar da shi a gaban gari ana tafi? In na ci, na zama mara kunyar da ya kunyata uban matarsa, kuma wannan suna ba ya goguwa. In na bari ya ci, teburin da na zuba wa shekaruna ya zama itacen wuta, sana'ata ta mutu da sunan ɗan caca. Shehi bai ga komai a ciki ba sai amana, ya ce ya yi. Da yake ni zan yi wasa, aka rasa mai juya sagiya, shehi ya ce Tanko ya juya, tunda ruwa aikinsa ne.

Na tsaya a hagu kaina a ƙasa, Baba ya tsaya a dama yana kallon wani wuri. Kafin bili na farko ya fito na riga na yanke shawara: tebur ya ƙone. Ana sake sassaƙa katako.

Bili ya gangaro. Na buɗe ƙofata da wuri da gangan, harshen ya make shi ya nufi hawashar Baba. Sai na ji ƙaras. Baba ya rufe ƙofarsa. Bili ya wuce ya faɗa kofi, Tanko ya juya sagiya, bili ya koma sama. Na ce a raina kuskure ne irin na sabon hannu. Ya sake gangarowa, wannan karon Baba ne ya riga ni, ya make shi ya turo mini shi tsaf, sai da na yi sauri na rufe. Nan na saci kallon hannunsa. Riƙon da ya yi wa mariƙin nan, yatsa biyu a sama babban yatsa a ƙasa, ba riƙon wanda ya fara yau ba ne. Daga baya Hajara ta gaya mini cewa tun ranar da aka kai teburin zaurensa, kullum bayan azahar sai ya tura ƙofa, a riƙa jin ƙaras ƙaras har la'asar, in an tambaya ya ce gara yake dubawa.

To haka muka kama. In tura masa, ya rufe. Ya tura mini, in rufe. Shi ba zai ci ba, don ya san cinsa shi ne ƙone abincin 'yarsa. Ni ba zan ci ba, don shi ne. Can wani cikin jama'a ya gane abin da ke faruwa ya tuntsire, dariya ta bazu har matan da ke leƙe ta katanga. Ni ban ga abin dariya ba. A tsaye nake ina kallon ɓarakar da ban taɓa tunani ba. Na shirya wa mai hura iska, na shirya wa mai gwiwa, na shirya wa mai maganaɗisu, duk don na ɗauka kowa so yake ya ci. Ban taɓa tambayar kaina ba, in mutum biyu suka tsaya kowa yana son ɗan'uwansa ya ci, ta ina wasan zai ƙare? Ba shi da ƙarshe. Ni Bahaushe, ɗan Bahaushe, na ƙera wasa a garin Hausawa na manta da kunya.

Inuwa ta yi tsawo. Tanko ya canza hannu, ya sake canzawa, ya cire rawani, ya roƙi a karɓe shi, shehi ya ce ai shi ya kawo shawarar. Wannan kaɗai ne abin da ya sanyaya mini rai a ranar. Gwangwanayen nan biyu kuwa wayam, ko bili ɗaya babu. Sai da ladan ya fara gyaran murya shehi ya ɗaga hannu.

Ya ce, "In da sa'a ta, da bilin ga ya hwaɗa gidan wani ko bai so ba. Mutum biyu sun hana shi tun la'asar. Wanga hannu na, ba caca ba ta. Isa, ɗauki abinka. Wanda duk ya koma aza kuɗɗi bisa, shi za mu hwaskare. Halas."

Teburi ya tsira. Amma kada ku ce na ji daɗi, don abin da ya biyo baya ya fi ƙona mini rai. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara buga wasan yadda na tsara shi. Sunan da na sa masa, Tur'a, ya ɓace, kowa sai ya ce teburin surukai. Samari su zo su biya, su tsaya suna tura wa juna bili, wanda ya shiga gonarsa shi ya faɗi, a yi masa ihu a ce ba shi da kunya. Damina guda ta sarƙa waya, duk lissafin ƙofofin nan, an juya shi a baibai kamar jakunan Kamlin. Har Rusairis labari ya riga ni zuwa. In na ce ba haka ake yi ba, sai a ce mini ni ne ban iya ba. Ni da na ƙera shi.

Don haka na ƙudura zan toshe ɓarakar. Abu ne mai sauƙi: ƙusa ɗaya da ɗan harshen gwangwani a jikin sagiya, yadda in bili ya zaga ya zaga ba mai karɓa, sai ya faɗo waje wasa ya mutu. Na yanka gwangwanin, na zaɓi ƙusar, ina zaune a ƙofar ɗaki da guduma a hannu Hajara ta dawo daga gidansu. Ta tsaya ta ce Baba ya ba ta saƙo. Na ajiye gudumar. Tun ranar Juma'ar ban yarda mun haɗu a hanya ba.

Ta ce, "Cewa ya yi, ki hwaɗa ma mijinki, tun da nit tashi ina wutsiyar tur'a, ina roƙon na sama su sako man ruwa. Ran nan kaɗai wani yat turo man shi da ƙarhi, ga shi ban da damar amsa. Ya ce kada ka taɓa komi ga teburin nan."

Na daɗe ina juya ƙusar a hannu. Sannan na mayar da ita cikin gwangwanin ƙusoshi.

Samira ta tambaye ni ko daga baya na gyara. Na ce mata teburin yana nan a ɗakin ajiya, gara ta ci ƙafa ɗaya, amma ƙofofin suna motsi. Ta kawo mijinta su gwada da ubanta, in ta ga sun gama kafin magariba ta zo ta kira ni kafinta.